Wuƙar aljihu: yadda za mu zaɓi wadda ta dace da aikinmu

 Darasinmu na yau a kan wuƙa ne, ƴar ƙaramar nan mai naɗewa wadda ake sawa a aljihu. Wani zai ce, mene ne abin koyo a sayen wuƙa? To, mu ƙidaya sau nawa muke neman ta daga safe zuwa dare. Za a yanke igiyar akuya. Za a kwance bakin buhun taki. Za a tsaga kaba, a fere rogo, a yanka kankana a gona. Wanda ba shi da tasa sai ya sa haƙori, ko ya ari ta maƙwabci, ko ya tsinci tsohuwar reza.

Wuƙa maras kyau tana jawo hasara iri biyu. Ta farko ta kuɗi ce: an saya ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ta karye. Ta biyu ta fi zafi. Mun taɓa ganin wani manomi yana huda fatar guga da irin wannan wuƙa. Da ya danna da ƙarfi, sai ta rufe a kan yatsansa na nuni. Lokacin noman fari ne. Hannun ya kumbura, ya kasa riƙe hauya, ciyawa kuwa ba ta jira shi ba. Kuɗin da ya biya ƴan ƙodago ya isa ya sayi wuƙaƙe masu kyau da yawa.

Kafin mu ci gaba, ga sunayen sassan wuƙa, don mu fahimci juna. Ƙarfen da ke yanka shi ne ruwan wuƙa. Gefensa mai yanka shi ne kaifi, ɗaya gefen kuma baya. Inda ake riƙewa ƙota ce. Akwai ƙusa wadda ta haɗa ruwa da ƙota, a kanta ruwan yake juyawa. A jikin ƙota akwai tsaga, nan kaifi yake shiga in an rufe.

Aikin da za ta yi

Tambayar farko ita ce: me za mu riƙa yanka da ita kullum? Wuƙar aljihu ta ƙananan ayyuka ce. Ba ta maye gurbin adda ko gatari. Ba ta maye gurbin wuƙar kube da maƙerinmu yake ƙerawa, wadda ake yanka rago da ita, ake fiɗa. Wuƙar kube ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har cikin ƙota, shi ya sa take jure aiki mai nauyi. Mai naɗewa kuwa tana da gaɓa, kuma ko da an ƙera ta da kyau, gaɓar nan ita ce wurin rauninta.

Abin da ta fi wuƙar kube da shi biyu ne. Ba ta da nauyi, kuma kaifinta a rufe yake. Mutum yana iya sunkuyawa, ya hau amalanke, ya ɗauki yaro, ba ya tsoron ta soke shi. Mace tana iya ƙulle ta a bakin zane ta tafi garka.

Masu garka su ne suka fi kowa bukatarta. Mai auren mangwaro ko lemu yana son ruwa siriri mai kaifi ƙwarai, don yanka ɗaya tak yake yi, sumul, fuskokin itace biyu su haɗu ba rata. In wuƙa ta dakushe, sai ta murje itacen, auren ya ƙi kamawa. Haka mai sassaben zamani, aikin nan na renon tohon itatuwa a gona wanda ya fara yaɗuwa daga jihar Maraɗi tun wajen 1983. Yana rage ƙananan rassan kalgo da sabara da gawo. Ƙaramin toho wuƙar aljihu ta ishe shi. Amma reshen da ya fi babban yatsa kauri, a bar wa adda.

Tsawo da nauyi

A kasuwa ido yakan faɗa a kan babbar wuƙa mai ƙyalli. Mu yi hattara. Wuƙar da ta yi nauyi takan huda aljihu, ta riƙa bugun cinya. Bayan kwana uku sai a ajiye ta a ɗaki, ranar da ake bukatarta kuwa tana gida, mai ita yana gona.

Ruwa mai tsawon santimita 7 zuwa 9 ya isa duk ayyukan da muka ambata. In babu abin awo, mu jera yatsu huɗu: faɗinsu wajen santimita 7 ko 8 ne a hannun babban mutum. Ruwan da ya ɗara haka kaɗan ya yi daidai. Nauyi kuma, daga giram 40 zuwa 80. Ƙwan zabo guda ɗaya wajen giram 40 zuwa 45 ne. Wuƙar da ta wuce nauyin ƙwai biyu ta fara yi wa aljihun riga yawa.

Ƙota ta cika hannu. In an riƙe, yatsu huɗu su sami wurin zama. Ƙota mai santsi tana suɓucewa in hannu ya yi gumi ko ya taɓa kitse.

Akwai wuƙaƙe masu baki da yawa: almakashi, zarto, abin buɗe gwangwani, abin kwance ƙusa. Waɗanda aka fi sani daga ƙasar Suwis suke, inda kamfanin Victorinox ya kafu a 1884, kuma na gaske suna da kyau. Sai dai yawancin waɗanda ake shimfiɗawa a tebur kwaikwayo ne. A ganinmu, ga mutumin karkara, baki ɗaya mai kyau ya fi goma marasa kyau. Kowane baki ƙarin nauyi ne, ƙarin wurin da rairayi zai maƙale.

Mu karanta abin da aka rubuta

Ga wani amfanin karatun da muka koya. A gindin ruwan wuƙa, kusa da ƙota, akwai ƙananan baƙaƙe. Da, mai tebur ne yake gaya mana abin da ya ga dama. Yanzu mu duba da kanmu.

In mun ga INOX ko STAINLESS, ƙarfen nan an gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kurom, wanda yake kare shi daga tsatsa. Yana da kyau ga mai yanka tumatir, lemu, albasa, da mai aiki a fadama inda hannu ba ya bushewa. In mun ga CARBONE, ko kuwa ƙarfen ba ya ƙyalli sosai, to irin baƙin ƙarfen da muka sani ne a maƙera. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan kowane dutsen washi. Aibinsa tsatsa: in aka yanka lemu aka rufe shi ba a goge ba, gobe sai a tarar ya yi ja.

Baƙin ƙarfe yakan yi duhu-duhu bayan an daɗe ana aiki da shi. Wannan duhun ba ɓaci ba ne, har ma yana ɗan kare shi. Jar tsatsa mai garin nan ita ce ke cin ƙarfe.

Wanne ya fi? Wanda ya saba wasa kayan aikinsa, ya saba goge su, baƙin ƙarfe zai yi masa daɗi. Wanda ya san halinsa na mantuwa, ya ɗauki INOX. Amma mu sani, rubutun INOX ba shaidar inganci ba ne. Yana nuna ƙarfen ba ya saurin tsatsa, ba ya nuna zai riƙe kaifi. Akwai masu ƙyalli da taushi kamar gwangwani.

Abin da ke hana ta rufewa

Nan ne ya kamata mu daɗe, don nan yatsa yake tsira ko ya yanke.

Wasu wuƙaƙe ba su da komai sai matsewar ƙusa. Suna tsayawa a buɗe muddin ƙusar ta matse. Da ta saki, ruwan sai ya riƙa lilo. Wasu suna da dogon ƙarfe a bayan ƙota wanda yake danne gindin ruwa. In an buɗe sai a ji ƙas. Wannan yana riƙewa, amma in aka danna bayan ruwa da ƙarfi, zai rufe. Iri na uku suna da makulli na gaske: zoben da ake murɗawa, ko ɗan ƙarfen da ake dannawa ko a ja kafin wuƙa ta yarda ta rufe.

Mai makulli ta fi kwanciyar hankali, musamman ga mai huda fata ko ƙwarya. Amma makulli maras kyau ya fi rashin makulli haɗari, domin mutum yakan amince da shi ya saki jiki. Mai wuƙar da ba ta da makulli ya san halinta, yana kiyayewa.

Ko wace iri ce, ƙa'ida ɗaya ce. A yanka da kaifi, a tura gaba nesa da jiki. Kada a ɓamɓare murfin gwangwani da tsini. Kada a yi ginar ƙasa da ita. Kada a doka bayanta da dutse. In za a rufe, a janye yatsu daga bakin tsaga, a tura bayan ruwa da tafin ɗaya hannun.

Wuƙaƙe uku da suka daɗe

Ba talla muke yi ba. Muna kawo waɗannan uku ne don kowace tana nuna wata dabara ta daban, kuma duk wanda ya gane su zai iya auna sauran da su.

Opinel daga Faransa take. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890. Ƙotarta itace ce, alamarta hannu ne da kambi a samansa. Tana da lambobi bisa ga girma. Lamba 8 ruwanta santimita 8 da rabi ne, nauyinta wajen giram 45, wato ƙwan zabo guda. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe a wuya, wanda ake murɗawa ya kulle ruwa a buɗe. Tun daga 2000 zoben yana kulle ta a rufe ma. Daga lamba 6 zuwa sama ne ake samun zoben. Ruwanta siriri ne, ya dace da auren itace da yankan kayan garka. Matsalarta damina: itacen yakan sha ruwa ya kumbura, ya kama ruwan wuƙa gam. In haka ta faru, a buga ƙarshen ƙota a kan itace mai ƙarfi, tsini zai ɗan fito a kama. Sannan a bar ta ta bushe a inuwa.

Douk-Douk ma daga Faransa take, daga garin Thiers, tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka biyu, don haka ba ta da kauri ko kaɗan, tana kwanciya a aljihu kamar ba komai. Ba ta kumbura, ba ta tsagewa. Ba ta da makulli, sai ƙarfen baya mai ƙarfi ƙwarai, saboda haka rufe ta yana son kula. An sayar da ita da yawa a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Akwai wani irinta mai suna El Baraka, wanda aka zana wa alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzin suke yi da azurfa.

Okapi an fara yin ta a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wadda aka fi sani tana da ɗan zobe a baya, sai an ja shi take rufewa. Tana da araha a kan sauran. Sau da yawa sabuwa ba ta zuwa da kaifi sosai, sai mai ita ya wasa ta.

Duk sunan da ya yi fice ana yi masa jabu. Mu karanta sunan harafi bayan harafi. Masu jabu sukan sauya harafi ɗaya, ko rubutun ya fito a karkace. In sunan babba ne, kuɗin kuwa ya yi arahar da ba ta shiga hankali, to, mu ajiye.

Gwaji a gaban mai sayarwa

Suna ko babu suna, hannu ne alƙali. Kada mu ji kunyar gwadawa. Wanda zai sayi akuya yana duba haƙoranta, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya.

Mu buɗe wuƙar gaba ɗaya. Mu kama bayan ruwa da yatsu biyu, mu girgiza shi dama da hagu. In yana motsi, ƙusa ta yi sako-sako, kuma kullum ƙaruwa zai yi. Mu kulle ta, mu janye yatsu daga tsaga, mu danna bayan ruwa a hankali. In makulli ya saki, a mayar masa da abinsa. Sai mu rufe, mu shafa yatsa a hankali a ƙarshen ƙota. Tsini ya shige ciki sarai. Tsinin da ya leƙo waje zai yaga aljihu, zai tsaga yatsa ranar da aka sa hannu neman canji.

Mu ɗaga ta wajen haske, mu dubi ruwan daga baya zuwa tsini, mu ga ko miƙaƙƙe ne. Daga nan mu yanki gefen takarda ko ɗan guntun igiya. Wuƙar da ba ta da kaifi amma gaɓarta ta matse, ana iya saye, washi zai gyara ta. Wadda take da kaifi amma gaɓarta tana rawa, ba abin saye ba ce.

In kuɗi bai kai ba, gara a jira wata kasuwa da a sayi ta banza sau uku.

Washi da kulawa

Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi yanka mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, in ta zame kuwa hannu take samu. A jiƙa dutsen washi mai laushi. A kwantar da ruwan wuƙa a kai, a ɗaga bayansa kaɗan, kamar kaurin fensir. A goga sau goma a wannan gefe, sau goma a wancan, ba tare da an sauya tsayin da aka ɗaga ba. A ƙarshe a shafa a kan fata, yadda wanzami yake yi wa askarsa. In babu dutse, gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, yana yin aikin.

Kada a kai ƙaramar wuƙa injin washi. Injin yana cin ƙarfe da yawa, yana kuma zafafa shi. In bakin ya koma shuɗi, ƙarfinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Lokacin hunturu ƙura takan cika tsaga da gaɓa. A share da tsinke, a hura. A ɗiga ɗigo ɗaya na man gujiya a kan ƙusa, a shafa kaɗan a ruwa. Ban da baƙin man mota, tunda da wuƙar ake yanka abin ci. Ƙusar da ta saki, maƙeri yana iya matse ta da bugu biyu ko uku.

Wuƙa da lafiyarmu

Wuƙar aljihu tana shiga ko'ina, shi ya sa take iya ɗauko cuta daga nan ta kai can. Tsagar ƙota tana ɓoye jini da kitse da ƙasa. Bayan an yanka nama ko kaza, a wanke ruwa da tsaga da sabulu, a goge, a bar ta a buɗe ta bushe.

Babban abin tsoro shi ne maganin ƙwari da maganin iri. Mutum ya farke ledar magani da wuƙarsa, ya goge a wando, an jima ya yanka wa ɗansa mangwaro. Guba ce ya ba shi bai sani ba. A ware tsohuwar wuƙa ta buɗe magani kaɗai, a rataye ta inda yara ba sa kaiwa.

Shuke-shuke ma suna ɗaukar cuta ta bakin wuƙa. In an yanki rogo ko tumatir mai cuta, kada a wuce kan mai lafiya sai an tsabtace ta. A goge da alkol, ko a tsoma a ruwan jabel: awo 1 na jabel, awo 9 na ruwa. Jabel yana cin ƙarfe, don haka in an gama aiki a ɗauraye, a goge, a shafa mai.

Jikin mutum kuwa, wuƙar aljihu ba ta da aiki a kansa. Ba a yanke cibiyar jariri da ita. Ba a yin kaciya, ko tsaga, ko cire belu da ita. Ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar sida da ciwon hanta. Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini. Haihuwa a gidan likita ta fi. In ta zo a gida ba shiri, sabuwar reza ce, wadda aka fitar daga takardarta a lokacin.

In wuƙa ta yanke mu, mu danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10, ba ɗagawa ana leƙe, hannun kuma a sama. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Mutane sukan ce tsatsa ce ke kawo tetanos, cutar nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki. Ba tsatsar ba ce. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni take shiga, kuma takan bayyana tsakanin kwana 3 da 21. Wuƙa mai ƙyalli da ta taɓa takin gona tana iya kawo ta. Saboda haka a tafi gidan likita a ranar, in yankan ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya ƙi lanƙwasa, ko ya mutu ba a jin taɓi. A tafi da katin rigakafi, don ma'aikacin lafiya ya ga ko ana bukatar allurar tetanos.

Da dare a fitar da wuƙa daga aljihu kafin a rataye riga, don yara suna laluben aljihun uba. Maniyyata aikin hajji da duk mai shiga jirgin sama su sa ta a cikin babbar jakar da ake aunawa. In tana aljihu ko jakar hannu, za a karɓe ta a filin jirgi.

Masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, a zama na gaba kowa ya zo da wuƙarsa a rufe. Za mu auna tsawon ruwa da santimita, mu kwafe rubutun da ke jikinta a allo, mu gwada gaɓar kowace ɗaya.